Na kai yara gidan zu, sun tambaye ni sunaye na yi shiru

Baban Yara, Yelwa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa, an yi sallah lafiya? Washegarin sallah na kwashi yaran gida, nawa uku da na ƙanena biyu, muka hau babura muka nufi gidan zu na nan Garwa, arewacin Kamaru. Sun ga kada kwance baki buɗe ko motsi ba ya yi, har ƙaraminsu ya rantse na siminti ne. Sun ga birai, sun ga kunkuru. To sai muka zo gaban wata dabba ja-ja, ta fi barewa jiki, babbar 'yata ta ce, "Baba, a makaranta antilop muke ce mata, da Hausa fa?" Na buɗe baki na rufe. Wallahi ban sani ba. Ni da kakana ya yi farauta a bakin Binuwai. Tun ranar abin yake cina. Wa zai taimake ni da suna?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Alhaji ai da ka ce mata barewa ce ka huta, wa zai kama ka?

Baban Yara, Yelwa: Hajiya haka na yi niyya, yarinyar ta riga ni. Ta ce barewa siririya ce, ta gan ta a littafi.

Baba Tsohon Maharbi: Ɗana, jikana ne ke rubuta mini. Ja-ja kawai ba ya isa a gane dabba. In jikin ja ne sumul, ciki fari, da baƙi-baƙi a gaban ƙafafun gaba, mariya ce. In akwai zane fari a gadon baya da ɗigo-ɗigo a cinya kamar an yayyafa mata nono, mazo ne. In fuskar doguwa ce kamar an ja ta, kafaɗa ta fi ƙugu tudu, kanki ka gani. Gwanki kuwa ba ka ɓata shi, girmansa ya kusa doki, kunne dogo, fuska baƙi da fari, ƙaho ya lanƙwasa baya. Gada 'yar ƙarama ce, tana gudu tana nutsa kai cikin ciyawa. Turo hoto.

Baban Yara, Yelwa: Allah ya ƙara girma Baba. Hotunan suna wayar maiɗakina, da ta dawo daga gidan suna zan turo.

Ɗan Domayo: Ni fa ku yi haƙuri, ba suna ne damuwata ba. Me ya sa ma ake tsare su? Na taɓa shiga wani gidan zu a wata ƙasa, ba zan faɗi inda yake ba, na ga kura ita kaɗai a ɗaki kamar shagon mai caji. Tana zuwa bango ta juyo, ta je ɗaya bangon ta juyo, har sawunta ya yi hanya a siminti. Na tsaya kusan rabin awa ba ta canja ba. Yara na jifanta da bawon rake suna dariya. Dabbar da ke cin kilomita da yawa a dare ɗaya. Tun ranar ban sake biyan kuɗi na shiga irin wurin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, bambancin kawai wannan gardin yana da tikiti.

Malam Na Zaure: Ɗan Domayo ya taɓo wurin da ya kamata. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa sananne ne: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Amma a lura da inda laifin yake. Akwai kuma labarin ƙanen Anas, yaron da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah (SAW) ya sani bai hana ba, har ya tambaye shi labarin tsuntsun da ya mutu. Daga nan malamai suka ce tsarewa ba haramun ba ce in an ba dabba ci da sha, ba a azabtar da ita ba. Tambayar ita ce, ɗakin da ya ishi kanari ya ishi kura?

Ɗan Domayo: To Malam ai ka ba ni gaskiya kenan.

Malam Na Zaure: Na ba ka rabi. Riƙe shi da kyau.

Ɗalibin Makarantar Namun Daji: Salamu alaikum iyayena. Ni ƙarami ne a nan amma wannan fannina ne, ku ba ni dama. Na yi karatu a makarantar namun daji ta nan Garwa, wadda aka buɗe a 1970, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka masu Faransanci da yawa. Abin da mutane ba su lura da shi ba, da yawa daga dabbobin da ke gidajen zu na ƙasar nan ba daga daji aka je aka kamo su don kallo ba. Ƙwace su aka yi. Mafarauci ya harbe uwar biri ya ɗauko ɗan ya sayar, wani ya ajiye shi a gida da igiya a ƙugu, shekara uku ya girma ya fara cizon yara, sai a rasa yadda za a yi da shi. Ko a tare mota a hanya a sami kunkuru cike da buhu. Dokar ƙasa ta raba namun daji aji uku, A da B da C, na ajin A ba a kashe su ba a ajiye su sai da izini na musamman. To in ma'aikatan gandun daji sun ƙwace, ina za su kai? Birin da ya tashi yana cin tuwo, in ka sake shi a daji garken birai ba za su karɓe shi ba, gari zai dawo, ko ya faɗa gonar wani a kashe shi. Cibiyar kula da namun daji ta Limbe can kudu kusan duk gwaggon biran da ke cikinta marayu ne irin waɗannan.

Ɗan Domayo: Na ji wannan. Amma in asibiti ne a kira shi asibiti, a daina tara yara suna ihu a kan mara lafiya.

Hajiya Mai Atamfa: In ba a tara yaran ba wa zai sayi naman? Kai ka san abin da zaki ke ci?

Ɗalibin Makarantar Namun Daji: Hajiya ta kama bakin zaren. Babban zaki na buƙatar kamar kilo 5 zuwa 7 na nama a rana. Ku je mahauta ku tambayi kilo, ku ninka sau 365. Giwa kuwa tana iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa a yini, ban da ruwa. Shi ya sa ƙaramin gidan zu ya fi ajiye kada da kunkuru da mesa. Kada na iya yin makonni bai ci ba, mesa in ta haɗiyi abu babba sai ta kwanta abinta. Wanda ɗanka ya ce na siminti ne, Alhaji, zafi yake fitarwa ta baki, shi ya sa ya hangame.

Baban Yara, Yelwa: Allahu akbar. Ni na ɗauka ƙuda yake jira.

Direban Kuseri: Ku bar ni in shigo da labarin ƙetaren gada. Ina ɗaukar kaya Injamena, wani lokaci har Abeshe. Ɗan Domayo, ka san mariri?

Ɗan Domayo: Sunan na ji a kirari, ban taɓa gani ba.

Direban Kuseri: Fari ne, wuya ja-ja, ƙaho dogo ya lanƙwasa baya kamar takobi. Da can garke-garke yake yawo a sahel ɗin Cadi da Nijar. Bindiga da mota da yaƙi da fari suka gama da shi, a shekarar 2000 aka sanar babu ko ɗaya a daji a duk duniya. Saura na gidajen zu da na masu kuɗin da ke kiwonsa a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Daga cikin waɗannan aka haɗa garke a Abu Dabi, a 2016 aka sauko da 25 na farko a jirgi aka kai su gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, tsakiyar Cadi. Aka yi ta ƙarowa, suka hayayyafa a daji, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Yaron motata Balarabe ne ɗan wajen, ya ce kakarsa da ta ga hoton sai ta fashe da kuka, ta ce rabonta da shi tun tana budurwa. To da ba a tsare kakanninsa a keji ba, daga ina za a dawo da shi?

Baba Tsohon Maharbi: Direba ka faɗi gaskiya, ni kuma in faɗi mai ɗaci. Karkanda. A ƙasar Rai Buba da dajin Binuwai muna da ita, na ga sawunta da idona ina saurayi, yatsu uku, na ga inda take tara kashinta wuri ɗaya tana watsawa da ƙafa. Irin tamu ta yamma a nan arewacin Kamaru ta yi saura a duk duniya. A 2006 aka zo aka bi daji ana nema ba a samu ba, a 2011 aka ce ta ƙare. Ita ba wanda ya ajiye irinta a wani wuri. Mu muka ƙarar da ita, mu masu bindiga, saboda ƙaho. Ba na cire kaina, ko da ban taɓa harbinta ba na san waɗanda suka yi kuma mun ci tuwo tare.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya yafe mana baki ɗaya Baba.

Ɗan Domayo: Amin. Direba, labarin mariri ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. A Cadin nan dai aka kawo karkanda shida daga Afirka ta Kudu zuwa gandun dajin Zakuma a 2018, kafin shekara ta ƙare huɗu sun mutu. Ba harbi ba, abincin wurin ne bai karɓe su ba. Giwa a garin wani zomo ce. Ba kowace dabba ake ɗauka a jirgi a sauke ta ce na gode ba.

Direban Kuseri: Haka ne, kuma ba su fasa ba, sun ƙaro biyar a ƙarshen 2023. Amma ka duba giwayen Zakuma ɗin. Daga wajen 4,000 a 2002 suka faɗo ƙasa da 500 a 2010, 'yan farauta a kan dawakai suka yi ta kashe su. Da aka gyara tsaro suka koma haihuwa.

Ɗan Domayo: Ka ga kenan maganata. Daji aka tsare, ba giwa aka kulle ba. Kuɗin da za a gina keji a ba masu gadin daji albashi da takalmi. Mu nan ba mu manta 2012 ba, da mahaya suka shigo gandun dajin Buba Njida suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni, sai da aka tura soja. Wane gidan zu ne zai maye wannan?

Goggo Manomiya: Ku 'yan birni kuna ba ni mamaki. Kuna zaune ƙarƙashin fanka kuna tausayin giwa. Mu da muke noman muskuwari, dawar rani, wajen Kalfu mun san ta. In sun taso daga gandun dajin Waza suka bi ta kanmu, dare ɗaya gonar da ka dasa da hannu, rami-rami kana zuba ruwa da gwangwani, sai ka wayi gari kamar an yi shara. Ka buga garwa, ka kunna wuta, ka yi ihu har murya ta dushe, ko kallo ba ka ishe ta ba. In ka taɓa ta kuma kai ne a kurkuku. Ni dai a kwashe su duka a kai gidan zu ɗin, ku yi ta kallo, na yafe muku tikitina.

Hajiya Mai Atamfa: Goggo kin kashe ni da dariya, amma wallahi da gaskiyarki.

Baban Yara, Yelwa: Masu shinkafa da masara a bakin Binuwai ma haka suke kuka da dorina. Mu muna tsayawa kan gada muna nuna wa baƙi, su kuwa kwana suke a gona.

Ɗalibin Makarantar Namun Daji: Goggo ban isa in musa miki ba, asarar gaskiya ce. Abin da zan ƙara kawai, tafiyar giwayen nan tana da nasaba da ruwa. Da aka gina madatsar Maga a 1979 saboda shinkafa, ambaliyar Logon da ke shiga fadamun Waza duk shekara ta ragu, ciyawa mai kyau ta mutu a wurare da yawa, mariya ta ragu ƙwarai. Ga gonaki sun cinye hanyoyin da dabbobi suka saba bi. Giwa ba ta san an yi wa Waza iyaka ba, hanyar kakanninta take bi, ta tarar da dawa a kai.

Goggo Manomiya: To ɗana ka je ka yi mata bayanin, ni na gane.

Malama 'Yar Marwa: Ina karantawa tun ɗazu. Ni malamar firamare ce, bari in faɗi abin da ya sa nake kai 'yan ajina gidan zu duk da ina jin abin da Ɗan Domayo ke ji. Lokacin muna yara ana kai 'yan makaranta Waza, ka ga raƙumin dawa na zaro harshe yana tsinke ganye tsakanin ƙaya, ka ga jimina ta kwasa da gudu. Tun da aka sace Faransawan nan bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga a Fabrairun 2013, wa zai ba ka ɗansa ka bi hanyar Mora da shi? Yaran da nake koyarwa yanzu sun san zaki ne a rigar 'yan ƙwallo kawai. Suna tatsuniyar kura da gizo ba su taɓa jin warin kura ba. Gani ya kori ji. Wata yarinya da ta ga ƙwan jimina, aka ce mata ya kai kilo ɗaya da rabi, sati guda tana zana shi a allo.

Sannan akwai abin da ba wanda ya ambata. Kowa na duban keji, ba mai ɗaga kai ya dubi bishiyar da ke ba shi inuwa. Na gwada 'yan ajina, cikin yara fiye da sittin waɗanda suka bambance tsamiya da madaci ba su cika hannu biyu ba. Kuka kam sun sani saboda miya. Duk wata bishiya a wurinsu dogon yaro ce.

Baba Tsohon Maharbi: Malama kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Dogon yaron ma baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi, zamanin Ahidjo aka cika tituna da shi don tare hamada. Ban raina shi ba, Marwa ba ta zaunuwa ba don shi ba. Amma maharbi da bishiya yake neman nama. Ka sami aduwa ta zubar da 'ya'ya, duba ƙasa za ka ga sawu. Kanya da ɓaure in sun nuna, birai na can. Giwa na son 'ya'yan giginya, tana girgiza uwar har su zubo. Kaɗanya, ɗorawa, marke, taura, kowace da mai zuwa wurinta. In ka ajiye dabba ba bishiyarta, rabinta ka ajiye.

Goggo Manomiya: A nan kam ni da Baba ba mu da faɗa. Gawo ya fi mini duk dabbobinku. Da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore shanu su sha inuwa su ci 'ya'yansa su bar taki. Geron gindin gawo daban yake, ko makaho ya shafa zangarniya ya sani. Uku ne a gonata, na hana kowa sa musu gatari.

Malama 'Yar Marwa: Madaci kuma ku duba na bakin hanya, duk an sassaƙe su har iya inda hannu ya kai, masu maganin shawara da ciwon ciki. In aka zagaye ɓawon gaba ɗaya bishiyar mutuwa take. Wurin da ke da katanga da mai gadi ne kaɗai za ka ga madaci da rigarsa cikakkiya. Shi ya sa nake cewa gidan zu gidan bishiya ne ma, ko ba a rubuta a ƙofa ba. Can Limbe Jamusawa sun kafa lambun tsirrai tun 1892, har yau ana zuwa kallo. Mu namu na sahel wa ya tara su wuri ɗaya?

Ɗan Domayo: Wannan kam ko ni zan biya in shiga. Bishiya ba ta zagaye keji.

Malam Na Zaure: Ga shi ka karɓi sauran rabin da kanka.

Ɗan Domayo: A'a Malam, kura tana nan a raina. Ban sauka ba.

Hajiya Mai Atamfa: Tunda an zo kan kura, Ɗalibi, gaskiya ne mata-maza ce? Tun muna yara ake faɗa.

Ɗalibin Makarantar Namun Daji: Ba gaskiya ba ne Hajiya, akwai mace akwai namiji. Sai dai a kura mai dabbare-dabbare halittar macen ta waje ta yi kama da ta namijin sosai, har masana na ruɗewa. Macen ta fi girma, kuma ita ke mulkin garke, namiji sai ta ƙoshi yake matsowa.

Hajiya Mai Atamfa: Ashe dai akwai inda aka gyara duniya.

Direban Kuseri: Hajiya a yi mana sassauci, muna da iyali a zauren nan.

Malama 'Yar Marwa: Ni ga shawara. Baba ya ba mu sunayen Hausa, Ɗalibi ya sa na Faransanci a gefe, a samu mai Fulatanci ya cika nasa, in buga a takarda in raba wa yara. Ko babban nan na Buba Njida mai ƙaho a murɗe, Fulani na ce masa yamusa, ban taɓa jin Bahaushe ya kira shi ba.

Baba Tsohon Maharbi: Mu ma yamusa muke cewa, a bakinsu muka karɓa. Ki sa gauraka da burtu da borin tinke da shamuwa, kada a bar tsuntsaye. Ki sa damo daban guza daban, yaran yanzu sun haɗe su.

Baban Yara, Yelwa: Baba ga hoton, maiɗakin ta dawo.

Baba Tsohon Maharbi: Ɗana wannan ai yatsan yaro ne ya rufe rabi, sauran rabin kuma waya ce ta keji. Kunne kawai nake gani da gindi. Ba ƙaho, ko mace ce ko ƙarama. Akwai zane a bayanta?

Baban Yara, Yelwa: Na tambayi yaran. Biyu sun ce akwai, biyu sun ce babu, ƙaramin ya ce shi kada yake kallo.

Baba Tsohon Maharbi: To bari. Asabar bayan la'asar ka zo ka ɗauke ni a babur, ka taho da yarinyar. A tanadar mini kujera, ƙafata ba ta son tsayuwa.

Malama 'Yar Marwa: Alhaji a tafi da biro da takarda don Allah.

Goggo Manomiya: In kun ga giwa a can ku ce ina gaisuwa, ta yi zamanta.